Sharhi a Kan Fim Ɗin Top Gun: Tallar Soja Cikin Rigar Labari

Tun daga 1973, lokacin da Amurka ta daina ɗibar samari aikin soja ala tilas, sai ya zame wa rundunoninta dole su shiga kasuwa su tallata kansu kamar masu sayar da sabulu. To, a ganina babu tallar da ta yi musu rana irin fim ɗin Top Gun na 1986, wanda Tony Scott ya ba da umarni, Tom Cruise ya fito a jarumi. Ba a kira shi talla ba, hasali ma mai kallo ne ya biya kuɗin shiga da hannunsa.

Rundunar sojan ruwa ce ta ba masu fim ɗin jiragen yaƙi samfurin F-14 da matuƙansu, amma bisa sharaɗin sai ta duba labarin tukuna. Masu iya magana dai sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Alal misali, budurwar jarumin da farko ƙaramar soja ce, sai aka mayar da ita farar hula don dokar rundunar ta hana hafsa neman na ƙasa da shi. Da fim ya fito kuwa, masu ɗaukar soja har tebura suka kafa a wasu gidajen sinima.

Abin da ya fi shafar mu marubuta shi ne yadda aka gina abokin gaba. Mai karatu ya lura, ba a faɗi sunan ƙasarsa ba, fuskarsa a rufe take da baƙin gilashi, jirgin ma da yake tuƙawa, wai MiG-28, babu shi a duniya. Idan aka harbo shi sai ka ga wuta ta tashi a sararin sama, kiɗa ya ɗauka, abokai na ta shewa. Ba gawa, ba uwa mai kuka, ba ƙauyen da tarkacen ya faɗa wa. Mutuwa ɗaya tak aka bari ta taɓa zuciya, ta Goose abokin jarumin, ita ma a wurin atisaye ta faru, kuma aikinta kawai ta girgiza jarumi na ɗan lokaci don ya dawo da ƙarfinsa. Wato an mayar da mamaci tsani. Wannan ha'inci ne ga mai kallo, musamman saurayin da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba.

(Mu ma nan ba mu tsira ba. Sau nawa muka karanta littafin soyayya wanda jaruminsa hafsan soja ne, kaki a goge, kurata na sara masa, amma har a rufe littafin ba a leƙa ɗakin matar da ke takaba a bariki ba?)

Abin mamaki, a 1989 Tom Cruise ɗin nan ne ya sake fitowa a Born on the Fourth of July na Oliver Stone, a matsayin Ron Kovic, mutum na gaske da ya shiga soja da ɗoki yana matashi, aka harbe shi a Biyetnam a 1968, ya shanye daga ƙirji zuwa ƙasa. A can an nuna keken guragu da ƙazantar asibitin tsofaffin sojoji, wato shafukan da Top Gun ya yage.

Da aka yi ci gaban labarin a 2022, mai suna Top Gun: Maverick, rundunar ta sake ba da jirage, abokin gaba kuma aka sake barinsa ba suna, ba fuska.