Tukuba da Amana: Nazarin Gashin Nama a Dilimi

A al'adar Bahaushe, magidanci ba ya cin abincin kasuwa. In aka ga mai iyali zaune gaban mai tuwo-tuwo da magariba, sai a shiga tambayar ko lafiya gidansa. Abincin waje na matafiyi ne da gwauro da wanda rana ta yi masa nisa da gida. Abu guda ne ya tsallake wannan doka, shi ne gasasshen nama. Malami da attajiri da ɗan dako duk suna tsayawa gaban tukuba ba tare da wani ya ga bekensu ba, domin tsire ba ya kishi da tukunyar uwargida. Hasali ma rabinsa gida yake tafiya. Maigida ya ci tsinke biyu a tsaye, a ƙunshe masa sauran ya kai wa iyali tsaraba, kuma ango ba ya shiga ɗakin amarya hannu rabbana, sai da kazarsa. Matan da ba su taɓa tsayawa gaban mai tsire ba su ne manyan alƙalansa, don in suka ce yajin wane ya lalace, maigida ya canja layi ke nan.

Jos kuwa gari ne da tun kafuwarsa cin abincin waje ya zama dole. Turawa sun hau tsaunin Filato ne neman kuza a farkon shekarun 1900, a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, leburori kuma suka kwararo daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno, akasarinsu samari ne da magidantan da suka baro iyali a gida. Ƙaramin layin dogon da ya taso daga Zariya an kammala shi a 1914, babban layi ya iso ta Kafanchan a 1927. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka yi ɗiban gwamna, aka tilasto dubban talakawa daga lardunan Arewa su haƙa kuza, da yawa sanyi da yunwa suka kashe su. Garin da ya cika da maza masu karɓar kuɗin mako kuma ba mai dafa musu, dole mahauci da mai tuwo da mai waina su biyo sawu. Ga kuma yanayi: Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma wanda ya taɓa kwana a can cikin Disamba ya san abin da ke jan mutum kusa da garwashi tun kafin ƙamshi ya kai hancinsa.

Dilimi, unguwar da ta ari sunanta daga kogin da ya ratsa tsakiyar gari, wuri ne na masu aikin ƙarfi. 'Yan taya, masu kayan gyaran mota, masu walda, maƙera da 'yan gwangwan, Hausawa da Inyamurai da Yarbawa da 'yan asalin Filato, tun safe ake bugun ƙarfe har rana ta faɗi. Irin waɗannan mutane ba su da lokacin zama a jira a kawo takardar jerin abinci. Abin da suke so a gani, a nuna, a yanka, a tafi. A kan wannan buƙata aka gina teburin mai nama, kuma duk wanda zai yi nazarinsa ya kamata ya auna shi da ma'aunin kansa, kada ya ɗauke shi a matsayin gidan abincin da bai kai ba.

Aikin yana farawa tun da hantsi, lokacin da babu mai saye ko ɗaya. Mai tsire ya ɗauko nama daga mahauta, ya zauna ya feɗe shi, ya raba tsoka da jijiya, ya yanyanka falle-falle. Kaurin yankan shi ne sirrin farko: in ya yi kauri, waje ya ƙone ciki ɗanye, in ya cika siriri, ya bushe ya koma kamar fata. Sai a soka a tsinke, a tumurmusa shi cikin garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da citta da barkono da masoro da kanumfari da gishiri, kowane gida da gwargwadonsa, a yayyafa man gyaɗa. Tsohon salo shi ne a kafa tsinkayen kewaye da tukuba, wuta a tsakiya, naman ya nuna da hucin wuta ba da harshenta ba. Yau da yawa sun koma ɗora shi kan raga saboda sauri, kuma bambancin yana fitowa a baki, don tsiren raga yakan ɗauki ɗacin hayaƙi idan kitse ya ɗiga kan garwashi.

Balangu wani fanni ne daban, kuma a ganina ya fi tsire wuyar ƙwarewa, saboda babu ƙuli-ƙulin da zai rufa wa mai gashi asiri. Manyan gunduwa ne na rago ko na sa a kan waya, gishiri kaɗan, wuta a hankali, ana juyawa ana shafa mai. Gwani ya san tozo ba ya son gaggawa, hanta kuwa in ta wuce lokacinta da ɗan kaɗan ta zama gari. Ya san inda zai ajiye ƙoda da zuciya da hanjin da aka naɗe, ya san gefen da wuta ta fi ƙarfi, ya kuma san lokacin da zai kwashe naman ya lulluɓe shi a takarda da albasa don ya turara cikin romonsa. Duk wannan ba a rubuce yake ba. Yaro yakan shafe shekaru yana hura wuta da yankan albasa da wanke tire kafin ubangidansa ya miƙa masa wuƙa. Kilishi kuwa ana yin sa, amma ɗan rana ne, kuma daminar Jos doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, don haka ya fi samun sakewa a Kano da Maraɗi. Abin da Filato ta ƙara wa tire shi ne ganye: kabejin da tumatirin da kokwambar da ake sauke lodinsu a Farin Gada, da sanyin gona a jikinsu.

A biranen Turai da Amurka akwai gidajen abincin da ba su sayar da komai sai gasasshen sosej, wato niƙaƙƙen nama da ake ɗurawa cikin hanji, kuma Larabawan Arewacin Afirka suna da nasu na naman rago da sa, margez, mai jan yaji. Sosej ya shigo manyan kantunan Nijeriya, ya shiga cikin shawarmar da samarin Jos ke ci, amma bai samu gindin zama a teburin Dilimi ba. Ba tsada kaɗai ba ce. Wanda zai sayi sosej cinikin biri a sama yake yi: bai ga dabbar ba, bai san wanda ya yanka ba, bai san me aka niƙa aka haɗa ba, sai dai ya yarda da rubutun jikin leda. Ga Musulmin da ke zaune a garin da ake cin alade da kare a wasu unguwanni, wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Teburin mai balangu a buɗe yake. Ka nuna da yatsa, a yanko maka ɗanɗano kafin a yi maganar kuɗi, in bai yi maka ba ka ce a canja. Mai naman kuma sananne ne, an san masallacin da yake salla, an san ubangidansa, an san Sarkin Pawan da za a kai ƙararsa in ya sayar da mushe. Abin da ake saye a nan rabinsa nama ne, rabinsa amana.

Wannan amana ta sha gwaji a Jos. Rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun raba gari gida biyu, Musulmi suka tattara a wasu unguwanni, Kirista a wasu. Babbar kasuwar Taminus da ta haɗa kowa ta ƙone a Fabrairun 2002. Daren 5 ga Yuli 2015, cikin azumi, bam ya tashi a gidan abinci na Shagalinku da ke kan titin Bauchi, aka kuma kai hari masallacin 'Yan Taya a nan Dilimi ana tsakiyar tafsirin Sheikh Sani Yahaya Jingir, mutum sama da 40 suka rasu. Duk lokacin da aka sa dokar hana fita, mai tsire ne farkon wanda jarinsa ke narkewa, don kasuwarsa ta dare ce, hajarsa kuma ba ta jiran gobe. Duk da haka, da zarar ƙura ta lafa, sai ka ga Bahaushe ya koma ya hura wutarsa a bakin wurin shaƙatawa a unguwar da ba zai iya kama hayar ɗaki ba, mutanen unguwar kuma sun kewaye shi suna cewa a ƙara yaji. Ban ce tsire ya sasanta Jos ba, jinin da aka zubar ya fi ƙarfin haka. Amma karɓar abinci daga hannun mutum ka sa a bakinka ba ƙaramar yarda ba ce, kuma wannan yarda tana cikin 'yan abubuwan da suka tsira.

A nan ne labarin ƙasar Peru, can Kudancin Amurka, ya dace a ji shi. Tsakaninmu da su akwai tsohuwar alaƙa ta tukunya. Dankalin turawa, wanda Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ke ciyar da Nijeriya da shi, asalinsa tsaunukan Andes ne, gyaɗar ƙuli-ƙuli da barkonon yaji su ma daga nahiyar suka ƙetaro. Suna kuma da tsirensu, antikuco: zuciyar sa ce ake yankawa, a jiƙa ta da ruwan tsami da tafarnuwa da jan barkono, a soke a tsinke a gasa, a ci da dafaffen dankali da masara. Tarihinsa yana haɗe da bayin da aka kai can daga Afirka, waɗanda iyayengiji ke bar wa kayan ciki. Shekaru aru-aru abincin bakin titi ne, akasari mata ke gasa shi da dare. Da masu dafa abinci irin su Gastón Acurio suka tashi ɗaukaka girkin ƙasarsu, ba su ƙwace sana'ar daga hannun masu ita ba. A bikin abinci na Mistura da aka fara a birnin Lima a 2008, an ba masu gashin titi rumfa kusa da manyan gidajen abinci, aka kira su da sunayensu. Grimanesa Vargas, wadda ta yi shekaru tana gasa antikuco a kan amalanke, ta zama sananniya a ƙasar har ta buɗe shagonta. Gasasshiyar kazarsu ma hukuma ta ware mata rana, Lahadi ta uku a watan Yuli. A 2023 aka zaɓi wani gidan abinci na Lima mai suna Central a matsayin na ɗaya a duniya, yau kuma da wuya ka shiga babban birni a Turai ko Amurka ka rasa gidan abincin Peru.

Mu fa? Tsire ya kai Legas da Akara da Landan, kowa na yabonsa, amma mai yin sa har yau ba shi da suna, malam ko aboki ake ce masa. A gida ma abin bai fi haka ba. Masanin nan M. G. Smith, da ya yi nazarin martabar sana'o'in Hausawa a 1959, ya tarar an ajiye mahauta a sahun ƙasa tare da makaɗa da maroƙa, kuma har gobe akwai gidajen da za su ci naman mahauci kullum amma su hana ɗansa aure. Wannan rashin adalci ne, kuma yana da illa ga sana'ar kanta. Ɗan mai tsiren da ya yi boko yakan gudu daga tukuba, ilimin da ubansa ya tara ya tafi tare da uban, sana'ar ta faɗa hannun wanda ya shigo don neman na yau kawai. Jamhuriyar Nijar ta riga mu farkawa, ta yi wa kilishinta rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta Afirka da ke Yawunde, tare da albasar Galmi.

Kuma masu sana'ar suna da nasu laifin, ɓoye shi ba ƙauna ba ce. Naman jiya da aka ɗumama aka jera cikin na yau cin amana ne. Ƙunshe nama mai zafi da mai a tsohuwar jarida ko takardar siminti yana sa mutum ya haɗiyi tawada da ƙura. Hannun da ya karɓi kuɗi shi ke yanka albasa, ruwan wanke wuƙa bokiti guda ne tun la'asar, a unguwar da kogin da ke ratsa ta ya zama juji. Wasu sun mayar da yaji dunƙulen magi zalla. Batun lafiya ma akwai shi: a 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama irin su sosej cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, jan nama kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa, kuma ƙona shi har ya yi baƙi yana ƙara haɗarin. Tsohuwar tukuba, mai gashi da huci, ta fi raga aminci ta wannan fuska.

Mafi yawan waɗannan matsaloli ba na hali ba ne, na rashi ne. Mai gashin da ba shi da firji ba zai zubar da naman da ya rage ba, don jarinsa ke nan, wanda kuma yake sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan garuwa ba zai yi ta canja na wanki ba. Gyaran bai buƙatar a kwashe su a zuba cikin shago mai gilashi da kujeru, inda farashi zai ninka kuma ɗan walda ya daina shiga. Rijiyar burtsatse kusa da layin masu nama, firji mai aiki da hasken rana da mutum biyar ko shida za su haɗa kuɗi su saya, farar takardar ƙunshi, da likitan dabbobi da zai duba abin da aka yanka kafin ya bar mahauta, su ne abin nema. Likitocin ma ba daga nesa za a ɗauko su ba, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana nan Vom tun 1924, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga Dilimi. Ƙungiyar mahauta da ofishin Sarkin Pawa suna da ikon da babu wani jami'in tsafta da ke da shi, domin su ne suka san wanda ya yanka me, a ina, da ƙarfe nawa, kuma su ne za su iya hana mutum tebur in ya karya doka.