Daga Samaru Zuwa PZ: Sake Karanta Bala Usman

Wanda ya taso daga Samaru zai shiga Sabon Gari yakan biyo ta PZ, unguwar da ta ci sunan kamfanin fataken Turawa na Paterson Zochonis. A nan nake so in tsaya in auna littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, wato The Manipulation of Religion in Nigeria, wanda ya fito a 1987.

Jigon littafin a fili yake. A ganin marubucin, akwai wasu 'yan tsiraru da ba sa noma, ba sa ƙira, sana'arsu dillanci tsakanin dukiyar ƙasa da kamfanonin ƙetare. Da yake ba za su iya fuskantar talaka da ainihin kamanninsu ba, sai su yafa rigar addini, su haɗa Musulmi da Kirista faɗa. Shekaru goman da ya nazarta sun ƙunshi taƙaddamar Shari'a ta 1977 zuwa 1978, da tarzomar Maitatsine a Kano a Disambar 1980, da rikicin Kafanchan na Maris 1987, wanda wutarsa ta iso Zariya har aka ƙone majami'u.

Ƙarfin littafin shi ne tambayar da ya koya mana: idan jini ya zuba, wa ya ci riba? Rauninsa kuwa, a nawa fahimtar, ya mayar da mabiyi raƙumi da akala. Akwai mai tsattsauran ra'ayin da ba wanda ya saye shi. Imani ya yi, a kansa kuma zai mutu. Wanda bai san da wannan ba, zai yi ta neman mai riƙe da akala alhali cutar tana cikin zukata.

Akwai kuma abin da Bala bai rayu ya gani ba, domin ya rasu a 2005. Ranar 12 ga Disamba 2015, mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky suka tare ayarin Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Tukur Buratai, a gaban Husainiyyarsu da ke kusa da PZ. Abin da ya biyo baya a can da Gyallesu ya kai kwana biyu. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ya zargi ƙungiyar da raina doka, ya tabbatar da mutuwar soja ɗaya, amma ya kuma samu sojoji da wuce gona da iri. Gwamnatin da bakinta ta shaida cewa an binne gawa 347 a rami guda.

A nan, kalmar tsattsauran ra'ayi da kanta ta zama makullin baki. Da yawanmu da muka sha tsayawa a rana saboda tattakin 'yan Shi'a, muka ce Allah ya ƙara. Wasu kuma tsoro ya kama mu, kada a ce namu ne, kada hukuma ta sa mana ido. Ni ma ina cikin waɗanda suka kame baki, kuma ban ga uzurina a ko'ina cikin littafin nan ba.

Hukuncina shi ne, nazarin Bala Usman bai wadatar da zamaninmu ba, amma ɗabi'arsa ta wadatar. Musulmi ne, ya yi magana lokacin da aka ƙone ɗakin ibadar Kirista. Kare na gida ba jarumta ba ce, kowa na yi. Marubucin da ke son gadon Bala, sai ya iya ƙin aƙidar mutum, ya kuma ƙi yarda a kashe shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.