Almunƙizu na Imamu Gazali da Yaranmu Masu Tambaya

Wata uku ke nan da wani maƙwabcina ya same ni a shago bayan la'asar, ransa a ɓace, ya ce, "Liman, yaron nan fa ya lalace." Ɗansa na biyu yake nufi, wanda ke karatun kimiyya a jami'a. Da na tambayi laifinsa, sai ya lissafo. Ya ce wa kakarsa rubutun sha ba ya kashe ƙwayar taifod. Ya ce wa uwarsa ta daina turo masa saƙon murya a WhatsApp in ba ta san wanda ya yi shi ba. Babbar kuwa, a gaban baƙi ya tambayi uban: ta yaya muka san abin da muka gada gaskiya ne, alhali ɗan Kiristan da ke tsallaken titi shi ma abin da ya gada yake riƙe da shi? Alhaji ya rantse in ya sake, sai ya bar masa gida.

Wannan tambaya ta ƙarshe ce ta sa na koma gida na kakkaɓe ƙura daga wani ɗan siririn littafi, Almunƙizu minal Dalal na Imamu Gazali. Dalili, tambayar ba sabuwa ba ce. Tun a farkon littafin Gazali ya ce shi ma yana saurayi ya lura 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, na Yahudu Yahudu, na Musulmi Musulmi, sai ya ƙudurta sai ya gano wace ce gaskiya, wane ne kuma kwaikwayon iyaye kawai. Wannan fa mutumin da ake kira Hujjatul Islam ne, mai Ihya'u, wanda ya koyar a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza daga 1091, ya ajiye aikin a 1095, ya rasu a 1111. Da a Sabo ya tashi, ban san ko da an bar shi ya kwana a gidan ubansa ba.

Abin da ya fi burge ni a littafin shi ne bai yi wa shakka wasa ba. Ya fara da ido. Ka dubi inuwa, ka ce tsaye take, bayan awa guda ka tarar ta matsa. Ka dubi tauraro kamar ƙwandala, lissafi ya ce ya fi duniyar nan girma. To ido ya sha kaye a hannun hankali. Sai ya ce, shi kuma hankalin, wa ya tabbatar babu wani alƙali a bayansa da zai ƙaryata shi, kamar yadda mai mafarki ke gaskata abin da yake gani har ya farka? Kusan wata biyu ya yi cikin wannan hali. Bai ɓoye ba, ya rubuta da hannunsa.

Kuma ba abokin gabar kimiyya ba ne, sabanin yadda wasu ke zato. Ya yi wa jahilin masoyin addini kaca-kaca, wato wanda ke ganin taimakon Musulunci shi ne ya musanta lissafin masana a kan husufi. A ganinsa irin wannan ɓarna yake wa addini, don wanda ya san hujjar lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai zarga. Manyanmu za su tuna 29 ga Maris 2006. An faɗi ranar da lokacin tun kafin ta zo, kuma a Shaki, nan arewacin Oyo, rana ta rufe ruf da safe. Mun yi sallar kisfewa yadda sunna ta koyar, lissafin ma bai saɓa ba. Ban ga inda ɗaya ya taka ɗaya ba.

A nan dole in faɗa wa Alhaji abin da ba ya son ji, na kuma faɗa masa ido da ido. A biyu daga cikin laifuffukan uku, yaron ne ke da gaskiya. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, wa bai sami kira da tsakar dare ba a ce ya tashi ya yi wanka da ruwan gishiri ya sha? Ni kaina na tashi iyalina, Allah ya yafe mini, ban tambayi ko wa ya faɗa ba. An kwantar da mutane a asibiti kan gishirin nan, wasu sun rasa rai. A ƙarshen 2016 MMM ta rufe da kuɗin jama'a, har da na masu gemu. Yaron da ke cewa "wa ya faɗa, ina shaida" ai aikin malaman hadisi yake yi bai sani ba. Addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti, wanda ya ce a dogara ga Allah shi ya ce a nemi magani.

To amma littafin yana da inda ya gaza mini, kuma ba rashin ladabi ba ne in faɗa. Ciwon ya bayyana shi dalla-dalla, maganin kuwa layi kaɗan. Ya ce ba hujja ce ta fid da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Ni na yarda, don na ɗanɗani ɗan abin da yake nufi a sallar dare. Sai dai ka kai wa mai shakka wannan amsa, zai ce maka shi hasken bai zo masa ba, kuma ba ka da abin cewa. Babin da ya yi kan Baɗiniyya kuwa rigimar zamaninsa ce, mai karatu na iya wucewa da sauri.

Gazawa ta biyu ta fi damuna. Ya kawo misalin ɗan canji ƙwararre, wanda zai sa hannu a jakar mai jabun kuɗi ya zaro na kirki bai ruɗe ba, ya ce amma baƙauye a hana shi. Da wannan ya yanke cewa a tsare gama-garin mutane daga littattafan 'yan falsafa. Misalin ya yi, mu 'yan Sabo mun fi kowa gane shi, ga 'yan canji nan bakin titi suna shafa dala su gaya maka ta banza ce. Hukuncin ne bai kai zamaninmu ba. A lokacinsa littafi da hannu ake kwafa, ka rufe ɗaki ka gama. Yau jakar mai jabun tana aljihun kowane yaro, da data ta naira ɗari biyu. Ba ka da ƙofar da za ka rufe. Ko dai ka koya wa ɗanka canji, ko ya shiga kasuwar shi kaɗai. Korarsa daga gida kuwa miƙa shi ne ga waɗanda za su amsa masa da daɗin baki.

Na kira yaron bayan isha'i. Na ce, "Kai da ba ka yarda sai ka gani, ka taɓa ganin ƙwayar cutar da kake faɗa?" Ya ce, "Baba, na ga irinta a madubin gwaji a makaranta." To, wannan na ba shi, na yi shiru. Sai na ce, "Maganar da ka ɗauko cewa babu gaskiya sai abin da na'ura ta auna, wace na'ura ce ta auna ita maganar?" Ya yi dariya, ya ce zai yi tunani. Da na bi diddigi, yawancin abin da yake faɗa daga bakin wasu Turawa biyu ya ji a YouTube, bai taɓa tambayar su waye ba, bai kuma taɓa sauraron wanda ya ba su amsa ba. Na ce masa, "Ɗana, ka tuhumi kakarka, ka tuhumi uwarka, ka tuhumi ubanka, amma waɗannan ka ba su hannu biyu. Kai ma gado ka ci, iyayen kawai ka canza." Nan ne ya daina dariya.

Larabcinsa bai kai ya karanta shi kaɗai ba, don haka muna bi tare duk daren Laraba, shafi biyu ko uku, ina fassara yana katse ni. Wani lokaci ina da amsa, wani lokaci in ce sai na tambayi na gaba da ni. Alhaji ya janye rantsuwarsa, ya yi kaffara, ko da yake har yanzu ba ya zama in yaron ya fara magana a tsakar gida. Makon jiya mun kai wurin mafarkin nan, yaron ya ce in haka ne ai shi ma hasken yana iya zama mafarki. Na ce ya riƙe tambayar sai Laraba mai zuwa.