Tsokaci a Kan Koyar da Aikatau Mai Rakiya na Ingilishi: Misalin "Hollow Out"

Daga cikin abubuwan da ke ba ɗalibi Bahaushe wahala a darasin Ingilishi akwai aikatau mai tafiya da ɗan harafi, irin su "hollow out" da "scoop out", waɗanda ke nufin cire abin da ke cikin wani abu har ya zama fanko. A ganinmu, matsalar tana ga hanyar koyarwa. An saba jera wa ɗalibi irin waɗannan kalmomi domin ya haddace, tare da fassara ɗaya tak. Saboda an riga an koya masa cewa "out" na nufin "waje", sai ya fassara "hollow out a calabash" da "fafe ƙwarya a waje".

Alhali kuwa Hausa tana da abin da za a ɗora darasin a kai. Tun a shekarar 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa zuwa giredi bakwai, kuma giredi na huɗu, mai ƙarewa da wasalin -e, yakan nuna cikar aiki: saya da saye, yasa da yashe. Wannan shi ne aikin da "out" ke yi a nan. Da malami zai fara daga wannan gaɓa, da ɗalibi ya gane cewa abin da Ingilishi ya ware a matsayin kalma, Hausa ta manna shi a ƙeyar aikatau.

Haka kuma fassara ɗaya ba ta wadatarwa, domin Bahaushe yana bambantawa. Ƙwarya da gora fafe su ake yi, gara takan rarake itace, rijiya kuwa yashe ta ake yi. Karin maganar nan, "ba a fafe gora ranar tafiya", ta isa buɗe darasi.

Sauran abin lura shi ne gurbin wakilin suna. Ana cewa "hollow it out", ba a cewa "hollow out it". Ɗalibin da ya saba da "fafe shi" kan faɗa wa wannan kuskure, kuma yakan rasa maki a jarrabawa.

Bisa ga haka, muna ba masu tsara manhaja shawarar su haɗa wannan darasi da na giredin aikatau, malamin Hausa da na Ingilishi su riƙa tuntuɓar juna kafin shiga aji.