Wasan Buga Rubutu Mai Labari da Iyakar Shawarar Masu Wasa

Wasan buga rubutu nau'in wasan kwamfuta ne da ake yin komai a cikinsa ta hanyar buga kalmomi a kibod. Kalma za ta bayyana a kan dodo ko a jikin ƙofa, mai wasa ya buga ta daidai kafin dodon ya cim masa. Tushensa darasin koyon taifin ne, irin Mavis Beacon Teaches Typing na 1987. A 1999 kamfanin Sega na Japan ya fitar da The Typing of the Dead, inda ya ɗauki wani wasansa na harbi ya musanya bindiga da kibod.

Daga baya aka fara ɗora wa wasan labari mai kai da gindi. Fitacce a nan shi ne Epistory, na kamfanin Fishing Cactus da ke Mons a Beljiyam, wanda ya fito a 2016: yarinya ce bisa wata ƙatuwar yanyawa mai wutsiya uku, a cikin duniyar da aka yi da takarda, ƙasa tana warwaruwa a gabanta gwargwadon yadda labarin ke ci gaba. Kamfanin ya biyo da Nanotale a 2021. Duka biyun an fara sayar da su tun ba a kammala ba, ta tsarin da kasuwar Steam ta buɗe a 2013, inda masu saye ke wasa suna faɗin abin da ya dame su, masu ƙira suna gyarawa. Wannan hanya ta zama yayi, kuma ba duk abin da take haifarwa ne alheri ba.

Inda shawarar masu wasa ta fi nauyi shi ne abin da ya shafi yatsu. Wanda ya ƙirƙiri wasa ya buga shi har hannunsa ya saba, ba zai ƙara jin inda yake ciwo ba. Baƙo ne zai gano cewa maɓallan tafiya suna raba yatsu da layin da ake ajiye su, ko harafin ya yi ƙanƙanta, ko kalma mai tsawo ta faɗo masa daidai lokacin da mai ba da labari ke magana, har ya rasa wanne zai bi. Wannan na ƙarshe shi ne babban ciwon irin wannan wasa, domin ido ɗaya ne ke karanta labari, shi ne kuma ke farautar kalmar da za a buga. Epistory ya rage matsalar da sa murya ta karanta labarin, da kuma daidaita wahalar wasa da saurin hannun mai bugawa. Ƙorafi a kan irin waɗannan abubuwa shaida ce, ya kamata a karɓe ta hannu bibbiyu.

Labari kuwa wani abu ne daban. Mai wasa yakan san inda ya gaji, amma da wuya ya san dalili, kuma maganin da zai kawo kusan kullum ɗaya ne: a rage magana, a ƙara faɗa. In aka biye wa kowa, sai a wayi gari da gwajin sauri wanda aka yafa wa labari a sama. Mai ƙira na gari yakan rubuta wurin da mutane suka yi tuntuɓe, ya ajiye maganinsu gefe, ya nemo nasa.

Akwai kuma tambayar su wane ne ake ji. Masu rubuta ra'ayi a Steam mutane ne masu kwamfutar kansu, da intanet, da katin biyan kuɗi, galibinsu kuma hannunsu ya riga ya faɗa. A Kongolam, bakin iyakar ƙasar Daura da Nijar, lissafin ya sha bamban. Ɗalibai da yawa ba su taɓa zama gaban kibod da gaske ba sai da jarrabawar JAMB ta matso, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015; rubutunsu na yau da kullum da babban yatsa suke yi a waya. Kibod ɗin da aka saba da shi a nan QWERTY ne, amma da an tsallaka zuwa Ɗan Barto, a hanyar Matamaye da Damagaram, AZERTY na Faransa ake yawan tararwa, inda A da Q suka yi musanyar wuri. Epistory yana karɓar tsarin biyu.

Wanda zai gina irin wannan wasa da Hausa, a ce kan labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, zai tarar da abin da babu wanda zai faɗa masa daga waje. Haruffa masu lanƙwasa ba su da maɓalli a kibod na kasuwa, don haka dole ya yanke ko wasan zai karɓi k a madadin ƙ. Sannan Najeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ. Amsar waɗannan tana wurin yara daga ɓangarorin iyakar biyu, a zaunar da su gaban na'ura, a tsaya a bayansu ana kallon yatsunsu, domin yaron da aka tarbiyyantar da kunya zai ce wa babba wasan ya yi kyau ko da ya kasa wuce ƙofar farko.