Sharhi a kan Ƙudurin Amman na 1986 game da Tabbatar Mutuwa, bisa La'akari da Sababbin Gwaje-gwajen Dawo da Gudanar Jini

A watan Safar 1407, daidai da Oktoba 1986, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta yanke cewa hukunce-hukuncen mamaci suna hawa kan mutum idan ɗayan alamu biyu ya tabbata: ko dai zuciya da numfashi su tsaya cak, likitoci kuma su tabbatar ba za su dawo ba, ko kuwa ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ta soma lalacewa. Tun daga lokacin muhawarar malamai ta karkata ga alama ta biyu, aka ɗauki ta farko tamkar ba ta da ƙura. Ita ce kuwa gwaje-gwajen zamani suka fi taɓawa.

A shekarar 2020, likitocin Jami'ar Minnesota a Amurka sun wallafa sakamakon gwaji a kan mutanen da zuciyarsu ta ƙi farfaɗowa duk da dannar ƙirji da jona wuta. An haɗa wasu da na'urar ECMO, wadda ke janye jini, ta sanya masa iskar oksijin, ta mayar da shi jiki. Shida daga cikin 14 sun fita asibiti da rai, alhali mutum ɗaya ne daga cikin 15 ya tsira ta hanyar da aka saba. A Jami'ar Maryland kuma, Samuel Tisherman ya jagoranci gwajin musanya jinin wanda harsashi ko wuƙa ta zubar wa jini har zuciyarsa ta tsaya da ruwan gishiri mai sanyi, a saukar da zafin jikinsa zuwa digiri 10 zuwa 15, domin likitan tiyata ya sami sararin ɗinke raunin. A 2022, masana a Jami'ar Yale suka dawo da wasu ayyukan ƙwayoyin halitta a zuciya da hanta da ƙodar aladu, sa'a guda bayan zuciyarsu ta tsaya.

Abin yabo a ƙudurin shi ne bai wadatu da tsayawar bugu kawai ba. Ya gindaya sharaɗin rashin dawowa. Wannan ya dace da taka-tsantsan na magabata, domin Shaikh Halil a Muhtasar ya so a gaggauta shirya mamaci, amma ya togace wanda ruwa ya ci, saboda tsoron kada a binne mai rai.

Rauninsa kuwa yana cikin wannan sharaɗi ɗin. Rashin dawowa yana ɗaukar ma'ana biyu: abin da ba ya yiwuwa a kan kansa, da abin da ba a da kayan yinsa a wurin. Ƙudurin bai fayyace ba. Idan aka ɗauki ta biyu, mutum biyu masu hali ɗaya za su sami hukunci daban-daban, wanda ya faɗi kusa da na'urar yana raye, wanda ya faɗi nesa da ita ya rasu. Ba ƙaramin lamari ba ne, tunda a kan wannan lokaci ake gina farkon takaba, da tantance wanda ya gaji wani idan 'yan'uwa suka mutu a haɗari ɗaya, da halaccin cire gaɓa don dasawa. Haka nan ƙudurin Majalisar Rabiɗa na Makka a 1987, wanda ya jinkirta hukuncin mutuwa har zuciya da numfashi su tsaya bayan cire na'urori, bai kuɓuta ba, domin ga ita wannan alama ya jingina.

Sai dai bai kamata a zarce haddi ba. Aladun Yale ba su farfaɗo ba, ba a kuma ga tsararren aikin ƙwaƙwalwa a jikinsu ba. Gwajin da aka yi a Holan, wanda aka wallafa a 2023, bai nuna fifiko bayyananne ga ECMO ba. Wanda na'ura ta ceto, ajalinsa ne bai yi ba. Ransa bai fita ba balle a ce an mayar da shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta tabbatacciyar rayuwa da motsin abin da aka yanka, kuma motsin ƙwayoyin halitta ya fi kusa da na biyun.

Saboda haka asalin ƙudurin yana nan daram, lafazinsa ne ke buƙatar bita. Ya dace majalisun fiƙihu su raba tambayoyi biyu da suka cakuɗe: yaushe ya halatta likita ya daina ƙoƙarin farfaɗowa, wanda ya rataya ga iko da rinjayen zato, da kuma yaushe hukunce-hukuncen mutuwa suke farawa, wanda ke neman yaƙini, tunda rayuwa ita ce asali kuma shakka ba ta gusar da ita. Allah ne mafi sani.