Kwaɗayin Zaƙi Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Shawarwari Uku da Ke Ɓatar da Mutane

Tiyatar rage ƙiba ba ta zama ruwan dare a ƙasar Gumel ba, amma ta iso. Mutanenmu kan je Indiya ko Masar ko Turkiyya a rage musu tumbi, wato jakar da abinci ke fara sauka, galibi bayan ciwon suga ko hawan jini ya matsa musu. Shekara ɗaya ko biyu, jiki ya zube, kowa na sam barka. Daga baya sai ma'auni ya tsaya cik, wani lokaci ma ya fara hawa, ga son zaƙi ya dawo. Idan kai ne, ko wani naka, ka san a daidai nan masu ba da shawara ke yawaita. Uku daga cikin shawarwarinsu za mu auna, domin duk ukun suna da lam'a.

Shawara ta farko: "Aikin ya lalace, an ci kuɗinka"

Wannan magana ta samo asali ne daga tallar tiyatar kanta, inda ake nuna maka hoton kafin aiki da na bayan shekara ɗaya, ba a nuna na shekara goma. To, masu bincike sun bi mutane har shekara goman. A ƙasar Suwidin, wani nazari da aka fara a 1987 ya bi mutum 4,047, kusan rabinsu an yi musu tiyata. Rahoton da Lars Sjöström da abokan aikinsa suka fitar a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa aikin karkatar da hanyar abinci sun rage kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu, amma bayan shekara goma ragin ya tsaya a kashi 25. A jihar Yuta ta Amurka, Ted Adams da tawagarsa sun samu kusan haka a 2017: kashi 35 a shekara biyu, 28 a shekara shida, kusan 27 a shekara goma sha biyu.

Mu sa shi a kilo. Mai kilo 130 ya sauka zuwa 88, daga baya ya koma 97 ko 98. Shi dai kilo taran nan da suka dawo yake gani, dangi ma su suke gani. Kilo talatin da ɗoriya da ba su dawo ba, ba mai lissafa su. Tsayawar nauyi da ɗan hawansa yana cikin tafiyar aikin tun farko. Jikin da ya ƙanƙance ba ya ƙona abinci kamar da, kuma ragowar tumbin kan ɗan saki da shekaru. Illar cewa "aiki ya lalace" ita ce mutum ya ji kunya, ya daina zuwa asibiti a daidai lokacin da ya fi bukatar a duba shi.

Shawara ta biyu: "Kwaɗayi ne kawai, ka daure"

Za a ma kawo maka karin magana, wai kwaɗayi mabuɗin wahala. Gaskiya ne, amma ba kowane son zaƙi ne kwaɗayi ba. Ga abin da ke faruwa a ciki. A tumbin da ba a taɓa ba, abinci na sauka cikin hanji kaɗan-kaɗan. Bayan tiyata, musamman ta karkatar da hanya, abu mai zaƙi kan faɗa ƙaramin hanji a lokaci guda. Suga ya hau a jini da sauri, hanji ya saki sinadarin GLP-1 da yawa, shi kuma ya sa jiki ya zubo insulin fiye da kima. Bayan awa ɗaya zuwa uku sai sugan ya faɗi ƙasa: gumi, karkarwa, bugun zuciya, jiri, da wata irin yunwar zaƙi. Ka sha wani zaƙin ka ji sauƙi, bayan awa biyu a koma gidan jiya.

Ka duba yadda wannan ke kasancewa da azumi. An yi buɗa-baki da kunu mai suga da zoɓo mai sanyi da dabino, ana cikin tarawihi mutum ya ji ƙafafunsa na rawa. Wanda ya ce masa "ka daure" bai san jininsa ne ke neman agaji ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a auna suga da ɗan na'urar nan ta huda yatsa a lokacin da abin ya taso. Idan ya yi ƙasa da 70, a rubuta. Idan ya sauka ƙasa da 54, magana ce ta likita, ba ta wa'azi ba.

Shawara ta uku: "Bar suga, koma zuma da mazarƙwaila"

Wannan ta fi yaɗuwa domin tana kama da hankali. Sai dai mazarƙwaila da farin suga uwarsu ɗaya, rake. Da wadda aka dafa a ƙauye, da wanda kamfanin Great Northern Agribusiness ya nemi fili a Gagarawa don ya noma rake ya tace, duk abu ɗaya ne idan sun isa hanji. Zuma kuwa, kusan kashi 80 cikin ɗari nata suga ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace cikin sugan da ya kamata a taƙaita, ta ce kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, in so samu ne ya tsaya ƙasa da kashi 5, kimanin ƙaramin cokali shida. Lemon kwalba ɗaya mai santilita 35 kan kai cokali tara. Dabino ya ɗan fi su domin yana da ɓawo da tsoka da ke rage saurinsa, amma busasshensa kusan kashi biyu cikin uku suga ne. Ƙwaya ɗaya ko biyu bayan abinci daban, cika hannu a kan yunwa daban.

Babban abin da masu wannan shawara suka manta shi ne ruwa. Tiyata ta rage wurin tuwo, ba ta rage hanyar abin sha ba. Mutumin da loma biyar ke ƙosar da shi zai iya wuni yana kurɓar shayi mai madara, fura da nono da aka zuba wa suga, kunun zaƙi, zoɓo. Yana rantsuwa ba ya cin komai, kuma gaskiya yake faɗa: sha yake yi. Takardar abincin da aka ba shi a asibitin waje an tsara ta ne da cimar can, ba lallai ta san fura ba, balle ta gargaɗe shi.

Daga nan kuma sai masu "shayin rage tumbi" su karɓe shi, irin waɗanda za ka ji da lasifika a ranar kasuwa, har a Maigatari ran Alhamis. Da yawan irin wannan shayi mai sa gudawa ne, dangin filasko. Ruwa yake fitarwa, ba kitse ba. Ga mutumin da hanjinsa dama ba ya tsotse sinadaran abinci yadda ya kamata, an gudu ne ba a tsira ba.

To me ya fi?

Fara kowane cin abinci da mai gina jiki: ƙwai, wake, awara, kifi, nama, kindirmo ba suga. Ana son aƙalla giram 60 na furotin a yini. Sai ganye, zogale ko rama, tuwo ya zo a ƙarshe. Ka raba abinci kashi biyar ko shida ƙanana, kada ka bari yunwa ta yi tsanani. Ka bar tazarar kamar minti 30 tsakanin ci da sha. Idan baki na neman abin taɓawa, ga gyaɗa, ga ƙuli-ƙuli, ga riɗin da ake nomawa a yankin nan, amma ɗan kaɗan, domin suna da mai. Zoɓo ba shi da laifi, sugan da ake zuba masa ne. Ka riƙa samun barci, domin ƙarancinsa na ɗaga girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa. Ka yi aikin da ke riƙe tsoka, ko tafiya ce mai sauri da ɗaga abu mai ɗan nauyi.

Sannan gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara, har ƙarshen rayuwa: yawan jini, sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da D. Ƙarancinsu kan kawo kasala. Idan kana Sule Tankarkar ko Gagarawa, fara daga Babban Asibitin Gumel. Abin da ya fi ƙarfinsu su tura ka Dutse ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ka tafi da takardun aikinka, domin dole likita ya san wace irin tiyata aka yi maka.

Idan an gyara duk wannan nauyi bai motsa ba, akwai sauran hanya. A wani gwaji da aka yi a Landan, aka buga a 2023, an raba mutum 70 da tiyata ba ta yi musu yadda ake so ba gida biyu. Waɗanda suka samu allurar liragulutayid sun rage kusan kashi 9 cikin ɗari na nauyinsu a mako 24, waɗanda suka samu allurar da ba magani a ciki ba su kai kashi ɗaya ba. Allura ce mai tsada, kuma likita ne ke yanke hukunci a kanta, ba mai kemis ba.

Saboda haka idan ɗan'uwanka ya ce zaƙi na damunsa shekaru bayan aiki, kada ka fara da faɗa. Tambaye shi me ya sha awa biyu da suka wuce, kuma yaushe rabonsa da gwajin jini.